Yadda Ake Jiran Giya Shekara 20 Sannan A Tofar Da Ita

Abu na farko da ya kamata mai neman sanin tsohuwar jar giyar inabi ya riƙe shi ne, yawancin aikin shanta rashin shanta ne. Mutum zai zuba kuɗi masu nauyi ya sayi kwalba, ya sauka da ita ɗaki mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, ya kwantar da ita, ya ja ƙofa, ya yi shekara 15 ko 20 bai ko girgiza ta ba. Ranar da ya ga lokaci ya yi, a buɗe, a duba, a shinshina, a kurkure baki, kuma in zaman na ƙwararru ne, a tofar a bokiti. Wanda ya ɗaga kofi ya kwankwaɗe a tashi ɗaya ya tona wa kansa asiri. Ba wanda zai ce masa uffan, sai dai katin gayyata ba zai sake zuwa gidansa ba.

Hukuncin giya a wurin yawancin masu karanta wannan rubutu sananne ne, malamai sun gama magana a kansa tuntuni, ba kuma a nan za a sake tayar da maganar ba. Abin da ke gabanmu bayani ne a kan yadda wasu mutane masu natsuwa, da yawansu masu furfura, suka mai da cusa hanci cikin kofi fannin ilimi mai makarantu da jarrabawa da takardar shaida. Ya cancanci a yi bayaninsa a tsanake, domin masu shi ba sa wasa da shi ko kaɗan.

Cibiyar harkar tana gabashin Faransa, a yankin Burgundi. Daga birnin Dijon a gangara kudu, a ratsa garin Beaune, akwai wani siririn gangaren tudu mai tsawon kimanin kilomita 60, ƙarƙashinsa dutsen farar ƙasa, fuskarsa na kallon gabas. Wuri ne mai sanyi, kuma sanyin shi ne jarin. A ƙasa mai rana inabi yakan nuna da sauri, ya cika da sukari, tsaminsa ya gudu, giyarsa ta fito da ƙarfi, ta yi daɗi tun tana sabuwa. Masana suna ɗaukar wannan a matsayin rashin kamun kai. A wuri mai sanyi kuwa da ƙyar inabin yake nuna, yana jan ƙafa har watan Satumba, ya riƙe tsaminsa, sinadarin mayensa ya tsaya wajen kashi 12 zuwa 13 cikin 100. Tsamin nan ne ke ba giyar damar yin shekaru a kwalba ba ta faɗi ba. Wato ana neman inabin da ya sha wahala, ana kuma biyan kuɗin wahalar. Akwai wasu wuraren masu irin wannan sanyi, kamar kwarin Ahr a Jamus, da Willamette a jihar Oregon ta Amurka, da Central Otago a Niyu Zilan, amma duk wanda ya yi abin kirki a can, babban yabon da zai samu shi ne a ce ta yi kama da ta Burgundi.

Inabin da ake shukawa sunansa pinot noir. Fatarsa ba kauri, 'ya'yansa a cunkushe. Rana ta yi yawa ya ƙone, ruwa ya yi yawa ya ruɓe, in kuma aka rasa ɗaya daga cikinsu ya yi fushi. Manoma suna ƙaunarsa saboda wannan hali. A shekarar 1395 basaraken Burgundi, Philippe le Hardi, ya fitar da dokar a tuge wani inabi mai suna gamay daga ƙasarsa, bisa tuhumar cewa mugun tsiro ne marar amana. Laifin gamay na zahiri shi ne yana yin 'ya'ya da yawa ba tare da ya wahalar da kowa ba. Ya koma kudu, yankin Beaujolais, yana can har yau yana ci gaba da aikata laifin.

'Yan zuhudun Kirista na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, suna cikin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna lura da wace gona ke ba da wane ɗanɗano, suna kewaye su da katangar dutse. Mafi shahara ita ce Clos de Vougeot, hekta 50 cikin katanga ɗaya. Bayan juyin juya halin Faransa aka ƙwace gonakin coci aka sayar, dokar Napoleon ta 1804 kuma ta ce a raba gado tsakanin 'ya'ya. Da saye da sayarwa da rabon gado, yau wannan gona guda tana da masu ita wajen 80, wani layuka kaɗan ne rabonsa, kuma kowa na da yaƙinin cewa layukansa sun fi na maƙwabcinsa da ke taku uku daga nan. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin yankin, guda 1,247, kowace da sunanta, cikin kayan tarihin duniya. Ɗalibi mai himma da haddar sunayen yake farawa.

Sanyin da ake taƙama da shi wani lokaci yakan wuce gona da iri. A farkon Afrilun 2021, bayan kuranga ta fara toho, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko dare bayan dare. Manoma suka fita da tsakar dare suka jera dubban kyandirori a gwangwani tsakanin layuka, suna ɗumama gona. An yi asara mai yawa duk da haka, an kuma samu hotuna masu kyau ƙwarai. A shekarar da rana ta yi rowa har inabi ya kasa tara sukari, doka ta yarda a ƙara masa na buhu kafin ruwan ya tashi ya zama giya, dabarar da ake kira da sunan Jean-Antoine Chaptal, ministan Napoleon da ya yaɗa ta a 1801. Ba a cika rubuta wannan a jikin kwalba ba.

Bayan an matse, giyar takan yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a gangar katako mai cin lita 228, wato kwalba 300 da 'yan kai. Gangar Bordeaux, wani yankin giya na Faransa, lita 225 ce, kada kuma a kuskura a gwama su a gaban mutumin Beaune. Daga nan sai kwalba, a toshe bakinta da ɓawon wata bishiya da Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya. Bishiyar sai ta shekara 25 kafin a fara ɓare ta, daga nan duk bayan shekara 9, kuma ɓawon da ya isa toshe kwalba sai a ɓara ta uku. Ke nan ita kanta toshiyar an jira ta sama da shekara 40 kafin ta fara nata jiran.

Ɗakin ajiya yana son sanyin digiri 12 ko 13 rani da damina, da danshi, da duhu, da shiru. Ana kwantar da kwalba ne don ruwan ya riƙa taɓa toshiya, kada ta bushe iska ta kutsa. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, in an cire ado, lalacewa ce a hankali. Sabuwar jar giya tana da bauri, irin wanda ke kama harshe da dasashi in an tauna goro, yana fitowa daga fatar inabi da ƙwayarsa da katakon ganga. Da shekaru, sinadarin baurin yakan haɗu da na launi, su yi nauyi, su kwanta su zama guggubi. Baurin ya yi laushi, jan ya koɗe ya koma launin jan bulo, ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya ja baya, wani na daban ya taso, wanda za mu zo kansa in mai karatu ya shirya. In an bar ta ta wuce wannan mataki, sai ta zama ruwa mai tsami launin ƙasa. Gwanintar duka ita ce a tare ta a hanya, lokacin da ta lalace daidai gwargwado.

Yaushe ne daidai? Ƙa'idar ita ce a sayi kwali mai kwalba 12. A buɗe ɗaya bayan shekara 5 a ce ta yi ƙuruciya. A buɗe wata bayan shekara 8 a ce ta rufe. Rufewa wani hali ne da giya kan shiga, ta daina ƙamshi na wasu shekaru, kuma ba a ɗora mata laifi, laifin na wanda ya tashe ta ne. A ci gaba da haka har ranar da za a buɗe ta ƙarshe, a ɗanɗana, a yi shiru, a yarda cewa wadda aka buɗe shekara uku da suka wuce ita ce ta kai. Masu taka-tsantsan sukan ƙi buɗe ko ɗaya don gudun wannan baƙin ciki. Irinsu ne ginshiƙin kasuwar gwanjo, domin magadansu ke kawo kaya.

Kwana biyu kafin ranar buɗewa, a ɗauko kwalbar da hannu biyu a tsayar da ita, guggubi ya sauka gindi. Littattafai sun ce jar giya a ɗumin ɗaki ake ba da ita. Ɗakin da suke nufi na tsohon gidan dutse ne a Turai kafin zuwan na'urar ɗumama gida, wato digiri 15 ko 16. Ba a haɗa da ɗakin Sakkwato a watan Afrilu ba, inda kwalbar za ta dahu kafin a nemo mabuɗi. Toshiyar da ta shekara 30 ta yi rauni, mabuɗi mai murɗaɗɗen ƙarfe zai iya ratsa ta ta wargaje, don haka akwai wani mai harsuna biyu sirara da ake zurawa ta gefe, a murza sannu a hankali. Lokacin da ake wannan ba a magana. Sannan a kunna kyandir, a riƙe wuyan kwalbar a saman hasken, a tsiyaye cikin tulun gilashi, da an hango guggubi ya iso wuya a tsaya. A nan malaman fannin sun kasu biyu. Na Bordeaux suna tsiyayewa. Da yawa daga na Burgundi sun ce tsohuwar pinot noir ba ta jure iska, tsiyaye ta kashe ta ne, a zuba kai tsaye. Saɓanin ya daɗe, kowane ɓangare da hujjojinsa da manyan malamansa, ba kuma alamar sulhu.

Kafin kowa ya samu, mai gida zai ɗan zuba wa kansa ya shinshina. Abin da yake tsoro wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa TCA, wanda fumfuna ke haifarwa a cikin toshiya. Wani masani ɗan Siwizalan, Hans Tanner, shi ya gano hannunsa a harkar a farkon shekarun 1980. Hancin ɗan Adam yana kama shi ko da kashi kaɗan ne cikin tiriliyan, warinsa kuma na jiƙaƙƙen kwali ne. In yana nan, tun ranar da aka toshe kwalbar yake nan, wato duk shekarun nan mutum yana gadin abin da ya mutu tun ranar farko, yana biyan kuɗin lantarkin sanyaya shi. Ladabin wannan lokaci shi ne mai gida ya ɗaga kafaɗa, ya yi murmushi, ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko wata. In ya daɗe bai hawo ba, baƙi su yi hira a kan yanayi.

Kofin na gilashi ne marar kauri, mai faɗin ciki da tsukakken baki da doguwar ƙafa. Ta ƙafar ake riƙewa don kada ɗumin hannu ya taɓa ruwan, kuma sulusi ake zubawa. Kada baƙo ya ɗauka rowa ce. A karkata kofin a kan farin ƙyalle a duba. Tsohuwar pinot noir ba ta da duhu, ana iya karanta rubutu ta cikinta, gefenta kuma ya fi tsakiyarta koɗewa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ƙwararre yakan dubi gefen nan ya kintaci shekaru, kuma da wuya ya kuskure, musamman in ya riga ya hango takardar jikin kwalba. Sai a juya kofin a kan tebur ruwan ya zagaya. Za a ga ɗigo-ɗigo suna gangarowa a jikin gilashi, ana kiransu hawaye. Wani masani, James Thomson, ya yi bayaninsu tun 1855: sinadarin maye ya fi ruwa saurin bin iska, wannan bambanci ke jan ruwan sama ya taru ya gangaro. Ba su nuna kyau ko rashinsa. Duk da haka ana kallonsu, a gyaɗa kai.

Yanzu an zo ga hanci, inda yawancin ilimin yake. Cusa shi ake yi sosai, har bakin gilashi ya taɓa karan hanci, a lumshe ido, a ja gajeren numfashi sau biyu ko uku. Masu wannan sana'a ba sa shafa turare, kuma wanda ya shafa ya zauna kusa da su ya ci amanar zaman. Sabuwar pinot noir tana ƙamshin jajayen 'ya'yan itacen Turai, ceri da danginsa. Wannan kowa na iya samu da kuɗi kaɗan. Abin da aka yi shekara 20 ana jira shi ne ƙamshin ruɓaɓɓen ganye a ƙasan daji bayan an ɗauke ruwa, da lemar kwaɗi, da tsohuwar fata, da busasshen fure, da naman dajin da aka rataye ya kwana biyu. Duk waɗannan yabo ne. Wanda aka ce tasa tana warin jiƙaƙƙen ganye yakan yi godiya. Wanda aka ce tasa tana warin jiƙaƙƙen kwali yakan sauka ɗakin ƙasa. Bambancin ganye da kwali shi ake biyan kuɗin makaranta a koya.

Akwai kuma batun barga. Wani nau'in yis mai suna Brettanomyces yakan zauna a tsofaffin ganguna, ya bar wa giya warin gumin doki da sirdi da abin da doki ke bari a ƙasa. A littafin kimiyya wannan aibi ne. A teburin masana kuwa ya danganta da yawansa: in kaɗan ne an ce ya ƙara mata zurfi, in ya yi yawa an ce ganga ba ta wanku ba. Ba a ƙayyade adadin dokin da ya dace ba, kowa da ma'auninsa. Akwai mai jure rabin doki, akwai wanda ko wutsiya ba ya so. Don sauƙaƙa wa ɗalibai, Farfesa Ann Noble ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta zana wani faifai a 1984 da ya jera kalmomin ƙamshi rukuni-rukuni, har da jiƙaƙƙen kare. Shi kuma Jean Lenoir, mutumin Burgundi, ya fitar da akwati mai 'yan kwalabe 54, kowace da ƙamshi ɗaya, mutum ya zauna a gida yana bita. Akwatin ba ya araha, ba kuma a shan ko ɗaya.

Sai baki. A kurɓi kaɗan, kada a haɗiye. A tsuke leɓe a zuƙo iska ta saman ruwan har ya yi ƙara. A kowane tebur na duniya ana tsawata wa yaro a kan wannan ƙara, a nan kuwa manya ke yi, kuma da dalili: harshe ɗanɗano kaɗan yake ganewa, zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da na romo, sauran duk hanci ke ji ta bayan maƙogwaro, iskar ce ke kai masa saƙo. A zagaya ruwan ko'ina, dasashi ya auna bauri, a lura ko yawu ya tsinke, don wannan ne shaidar tsami yana da rai. Abin da ake nema shi ne kada ɗaya ya danne ɗaya. Sannan a juya ga bokiti.

Tofarwa tana da hujja mai ƙarfi. Ɗan kasuwa ko alƙalin gasa yakan ɗanɗana kala 50 ko 100 a yini, in ya haɗiye, daga ta goma duk giyar duniya kyakkyawa ce. Amma abin ya wuce hujja ya zama fasaha. Ana son tofi siriri, miƙaƙƙe, mai ƙarfi, ba fantsama, ba ɗigo a haɓa, ba yawan sunkuyo. A ɗakunan ƙasa na Burgundi, inda ake ɗebo ta kai tsaye daga ganga da dogon bututun gilashi, ana tofarwa a kan tsakuwar da ke tsakanin ganguna, abin da ya rage a kofi kuma a miƙa wa mai gida ya mayar cikin ganga, don irin wannan ba a zubarwa. A kula da bin tsarin, na baki ƙasa, na kofi ganga. Sababbi sukan yi atisaye da ruwa a banɗaki, mai farar riga kuma ya tsaya baya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A Burgundi ana dafa dutsen, a kurɓi romon, a tofar, a rubuta rahoto.

Bayan tofi sai ƙidaya. Ana lissafa tsawon lokacin da ɗanɗano ya yi bai bar baki ba, Faransawa har ma'auni suka yi masa, caudalie, ɗaya daidai da sakan ɗaya. Giyar yau da kullum takan ɓace cikin sakan kaɗan, babba ta wuce 10. Shi ya sa za ka ga dattijo tsaye, ido a rufin ɗaki, leɓe na motsi. Kada a katse shi.

Daga nan magana. Shiru ya halatta na ɗan lokaci, amma dole a ce wani abu, kuma "ta yi daɗi" ba ya cikin abin da ake cewa. Da halayen mutane ake siffanta giya: mai kunya, mai karamci, mai taurin kai, ta gaji. Abin da ya fi wa baƙo aminci shi ne ya jira mai gida ya fara, sannan ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, sai dai ina jin ba ta gama buɗewa ba." Wannan jimla ba ta taɓa kunyata kowa ba, domin tsohuwar giya tana sauyawa a kofi daga minti zuwa minti, ta buɗe bayan rubu'in sa'a, wani lokaci ta mutu kafin sa'a ta cika. Duk abin da ka faɗa, ko ya kasance gaskiya ɗazu ko zai kasance an jima. Masu son lamba suna da tsarin Robert Parker, lauyan Amurka da ya fara mujallarsa a 1978, mai maki 100. Tsarin daga 50 yake farawa. Kowace giya tana samun maki 50 don kawai ta halarci jarrabawa.

Wasu masu bincike marasa tausayi sun gwada wannan ilimi. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa a jami'ar Bordeaux suka ɗauki farar giya suka rina ta ja da launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin jar giya. A 2008 kuma Hilke Plassmann da tawagarta suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Kalifoniya, suka ba su giya ɗaya, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Sashen ƙwaƙwalwar da ke jin daɗi ya fi motsi a ta dala 90. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin tonon silili. A ganina sun karanta sakamakon a bai-bai. Abin da binciken ya tabbatar shi ne farashi yana cikin kayan haɗi, kuma mai gidan da ya ɓoye wa baƙinsa nawa ya saya ya rage musu daɗi da hannunsa.

Ta wannan ma'auni babu kamar gonar Romanée-Conti, hekta 1.8 kacal, mai ba da kwalba dubu biyar zuwa shida a shekara. A 1945 kwalba 600 kawai aka samu, daga nan aka tuge tsohuwar kurangar saboda ƙwaron phylloxera da ke cin saiwoyin gonakin Turai tun shekarun 1860. A Oktoban 2018 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kwalba ɗaya ta wannan shekara a Niyu Yok a kan dala 558,000. In an raba kofi shida, kowane kofi ya tashi dala 93,000, ban da guggubi.

Inda kuɗi ya kai haka, mai dabara ba ya nisa. Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya mazaunin Kalifoniya, yana da hancin da manyan masu saye suka sallama wa. A 2006 an sayar da kwalabensa na kimanin dala miliyan 35 a gwanjo biyu. A Afrilun 2008 ya kawo wa wani gwanjo a Niyu Yok kwalaben gidan Ponsot na gonar Clos Saint-Denis masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya hau jirgi ya zo Niyu Yok ya zauna a ɗakin gwanjon da kansa, domin gidansu bai fara yin giyar wannan gona ba sai 1982. Da jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan a Maris na 2012, suka tarar da tsofaffin kwalabe a jiƙe a wurin wanke kwanukan kicin ana ɓare musu takarda, da dubban takardun jabu, da tarin toshiya, da rubutattun ƙa'idojin haɗi: kaza na tsohuwar giyar Faransa mai araha, kaza na sabuwar Kalifoniya. An yanke masa shekara 10 a 2014, aka tasa ƙeyarsa gida a 2021. Abin lura ga ɗalibi shi ne lissafin shekaru ne ya tona shi. Hancin masanan da suka daɗe suna shan haɗinsa ya same shi da ganye, da lemar kwaɗi, da doki daidai gwargwado.

Wannan ya ƙara wa mai gida aiki guda bayan baƙi sun watse. Kwalbar babbar gona ko babu komai a ciki tana da kasuwa, domin ita mai jabu yake nema, da takardarta ta asali da ƙurarta. Shi ya sa wasu gidajen abinci da masu shirya irin wannan zama sukan ɓata takardar da alƙalami, wasu su fasa kwalbar gaba ɗaya. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a naɗe ta cikin tsohon tawul, a ajiye a kan siminti, a buga da guduma sau ɗaya a tsakiya. A sa takalmi kafin a fara.